Yadda Muka Cinye Layin Yaya Rahila

Shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar yayata Rahila, kuma gara in faɗi gaskiya tun daga farko: in na tuna jana'izarta, ba hawaye ke fara zuwa mini ba, haushi ne. Hawayen sukan biyo baya, amma sai haushin ya gama cin rabonsa.

Wanda ya tayar mini da shi bana shi ne ɗanta na fari, Bitrus, wanda yanzu babban ma'aikaci ne mai mota da ɗan tumbinsa. Ya zo gidana da ƙyallen atamfa a leda, an buga hoton uwarsa a jiki, ya shimfiɗa shi a kan kujera yana murmushi. Ya ce, "Anti Ladi, wannan karon sai an san Mama ta haifi 'ya'ya. Anko ga shi, za a kafa rumfuna, za a buga kalanda. Na riga na yi odar manyan aladu guda biyu." Na dubi hoton, na dubi yaron. Yaro nake ce masa ko da furfura ta fara fito masa. Na ce a raina, wato har yanzu ba mu san wata hanyar girmama matar nan ba sai da wuƙa.

Na san wasu masu karatu tuni sun yamutsa fuska da jin an ambaci alade. Ku yi haƙuri da ni, ba ci zan ce ku yi ba. Ita kanta Rahila ta fi kowa sanin cewa abin da take kiwo ƙazanta ne a wurin maƙwabtanta Musulmi, kuma ba ta taɓa ɗaukar wannan da wasa ba. Dabbarta ba ta taɓa fita yawo a unguwa ba. In za ta kasuwa, sai ta rufe daron nama da ganyen ayaba da farin ƙyalle, ta zagaya ta bayan gidaje don kada ta bi ta ƙofar wani Malam da ke karantar da yara a bakin layinmu. Motar haya ma ba ta shiga da shi, akori-kurar wani ɗan Ibo take jira komai daɗewarsa. Shekara da shekaru suna gaisawa da Malam ɗin nan, yana tambayarta yara, tana tambayarsa iyali, ba wanda ya taɓa ambaton abin da ke bayan gidanta.

A unguwar Kudenda ta Kaduna muke a lokacin, cikin shekarun tamanin, zamanin da jiniyar masana'antu ce agogon kowa. Mijinta, Baban Bitrus, yana aiki a masaƙa a Kakuri, ni kuma ina koyarwa a firamare, ina zaune a ɗaki ɗaya cikin gidansu. Garken nata ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗakuna uku ne na jar ƙasa a bayan gida, da rufin tsohon kwano da aka danne da duwatsu. Da sassafe za ta tura baro zuwa bakin kamfanin giya ta sayo dusar da suke zubarwa, ta haɗa da abin da matan burkutu suka tace suka bari, da ɓawon doya, da ganyen dankali. Ranar kasuwa kuwa tun da asuba an yanka, an babbake da busasshiyar ciyawa, an kankare fatar har ta yi fari. Teburinta yana can ƙarshen kasuwar Kakuri ranar Litinin, ranar Asabar kuma Sabon Tasha. Makanikai da ma'aikatan masaƙa su ne masu sayenta, kuma sun san bakinta. In mutum ya cika taya nama yana latsa shi da yatsa, sai ta ce, "Oga, in tausa ka zo yi, ga ƙafata nan tana ciwo."

Mai lissafi zai tambaya, ta yaya mace mai ɗakuna uku take samun abin yankawa kasuwa biyu a kowane mako? Amsar ita ce abin da matan unguwa ke kira layi, kuma saboda shi nake wannan rubutu.

Ga yadda yake. Rahila za ta zaɓi 'yar alade mace da aka yaye, ta ba wata matar ma'aikaci, ba ta karɓi ko kwabo ba. In 'yar aladen ta girma ta haihu, ba Rahila za a mayar wa da komai ba. Matar za ta ware mace mafi kyau a cikin 'ya'yan, ta ɗauka da hannunta ta kai wa wadda ke bayanta a layi. Sauran duka nata ne. Rahila ce ke faɗin wadda ke gaba da wadda ke baya, kuma kowace mace ta san sunan wadda take bi da sunan wadda ke bin ta. Kada wani ya ɗauka waliyyiya ce. In mazan suka isa yanka, ita ake fara yi wa tayi, kuma tana da taurin ciniki kamar me. Ta haka teburinta bai taɓa zama babu nama ba. Amma ta haka kuma mata da yawa a Kudenda da Nasarawa suka sayi litattafan 'ya'yansu ba tare da jiran ƙarshen wata ba.

Dokokinta ba su da yawa, sai dai ba ta sassautawa. Ba ɗaki, ba alade: sai kin gina wuri ta zo ta gani da idonta. Matar gida ake ba, ba maigida ba, domin a cewarta namiji zai sayar da ita ranar da ya ji ƙishi. Takan faɗo gidan mutum ba sallama mai tsawo, ta wuce bayan gida kai tsaye, in ta tarar da wurin da ƙazanta ta wanke matar tas a gaban mijinta. An ji haushinta, an yi gulmarta a bakin famfo, amma ba a taɓa samun wadda ta ci 'yar da ya kamata ta miƙa ba. Ni kaina na sha cewa, "Yaya, ki riƙa tausasa harshe." Sai ta ce in je in tausasa wa 'yan ajina.

Tushen layin duka wata uwar aladu ce baƙa, mai dogon baki, irin ta gida, wadda Rahila ta kawo daga ƙauyenmu cikin kwando tun tana 'yar mitsitsiya. Magajiya muke ce mata. Duk aladun matan nan 'ya'yanta ne ko jikokinta. Ba ta da kyan gani, ga faɗa, ta taɓa yaga mini zane. Amma ba ta taɓa danne ɗanta ba, ba ta taɓa ƙin shayarwa ba, kuma ciwon da ke kwashe aladun wasu da damina bai taɓa kwantar da ita ba.

A shekarar da Rahila za ta rasu, masana'antu sun fara rage ma'aikata. Mijin wata mata mai suna Asabe yana cikin waɗanda aka sallama. Ya tafi kudu neman aiki, tun ana samun saƙonsa har aka daina. Ya bar ta da yara, babbarsu Tani, yarinya mai ƙwaƙwalwa wadda ta shiga sakandare a shekarar. Asabe ce ta gaba a layi. Ta buga tubalin ƙasa da hannunta, ta gina ɗan ɗaki a bayan inda take haya, ta roƙi tsohon kwano ta rufa. Rahila ta je ta duba, ta girgiza ƙofar, ta ce ya yi. Ta kuma ce saboda halin da Asabe ke ciki ba jika za a ba ta ba, daga cikin Magajiya kanta za a ba ta. Tun daga ranar, kusan kullum da yamma sai Asabe ta biyo ta gidanmu, ta tsaya a bakin ɗakin Magajiya tana sosa mata baya da kara. Karatun Tani take kallo a wurin, kowa ya sani.

Ciwon Rahila bai ɗauki lokaci ba. Ta dawo daga kasuwa tana cewa kanta, washegari muka kai ta asibiti, ba ta sake dawowa gida ba. Ranar da na kai mata kunu, wadda ita ce ranar ƙarshe da ta yi magana sosai, ba ta yi mini zancen gado ko na yara ba. Cewa ta yi, "Ladi, Magajiya ta ɗauki ciki, ya kai wata biyu. A ƙara mata dusa. Ta farko ta Asabe ce." Na ce ta bar zancen aladu ta sha kununta. Ta harare ni, ta sake faɗa.

Da ta cika, dangin mijinta suka zo daga gida cike da mota, babbansu Baba Dogara, wan Baban Bitrus. A wajenmu gawar matar aure ta dangin miji ce, su ke da ta cewa. Kuma a gidansu akwai al'ada: in mai dabbobi ya mutu, mafi girma a garkensa ake yankawa a ciyar da masu makoki, don kada a koma gida a ce 'ya'yansa sun yi rowa. Baba Dogara ya zagaya bayan gida, ya wuce maza biyu da aka fiɗiye waɗanda dama don yanka ake kiwonsu, ya tsaya a kan Magajiya, ya nuna ta da sandarsa.

Na durƙusa har ƙasa. Na ce, "Baba, ciki gare ta. Ga maza nan biyu, a yanka duka biyun. Yaya ta bar magana a kanta, 'yar cikinta an riga an yi wa wata alkawari."

Ya ce, "Ƙiba ce. Ina kiwon alade tun ba a haifi uwarki ba. Waɗannan 'yan ɓerayen za mu sa a gaban mutanen da suka taso tun daga gida? A ce matar ƙanena, wadda duk Kaduna ta san ta da nama, an sallame ta da ƙashi?"

Na juya wajen Baban Bitrus. Mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, amma a gaban wansa bakinsa mutuwa yake yi, balle ga shi ranar ko tsayuwa da kyar yake. Ya ce mini, "Ladi, bari mu binne ta tukuna, sai a yi magana." Na ɗauka an bar maganar ke nan. Da gari ya waye na bi matan zumuntar cocinmu zuwa asibiti don mu wanke ta mu shirya ta. Ko da muka dawo da akwatin gawa, tun daga bakin layi na ji ƙaurin babbaka.

Ba zan ɓata muku rai da abin da samarin ƙauyen suka tarar da suka farke cikin ba. Na dai ga sabuwar ƙasa da aka tona aka mayar a gindin ayaba, na ga yadda suke kawar da ido in na dube su. Ban tambayi ko 'ya'ya nawa ne ba. Baba Dogara kuwa har ya mutu bai taɓa ɗaga maganar ba. An dafa, an soya, an zuba a kan shinkafa, mutane suka ci suna cewa lalle an yi wa marigayiya jana'iza ta mutunci.

Asabe tana cikin matan da suka yini a bakin murhun shinkafa a gidan maƙwabta, ba ta san abin da aka yi a namu bayan gidan ba. Bayan an dawo daga maƙabarta aka miƙa mata faranti, ta zauna a kan tabarma ta ci, don tun safe ba ta sa komai a bakinta ba. Da ta gama ta wanke hannu, ta zo kusa da ni ta ce, "Malama, da wannan hidima na san ba wanda ya tuna da Magajiya. Bari in kai mata ruwa." Ta ɗauki bokiti ta zagaya. Ta daɗe a can. Da ta dawo ta ajiye bokitin da ruwansa a inda ta ɗauke shi, ta dubi farantin da ta ci a ciki, ta gyara ɗaurin zanenta, ta fita ba ta yi wa kowa sallama ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, Magajiya ba ita kaɗai ce uwa a unguwar ba. Akwai 'ya'yanta a gidaje da dama, layin yana iya ci gaba. Na bi matan gida gida. Ɗaya daga cikinsu, wadda tata ta haihu bayan wata biyu, ta dube ni ta ce, "In 'yan gidanta sun cinye uwa, ni ce zan ba da 'ya?" Sauran ba su faɗa da baki ba, amma abin da suka yi ke nan. Kowace ta riƙe nata, ta sayar wa wanda ya fi tayi. Ni ba ni da bakin Rahila, ba wadda ke jin tsorona. Kafin shekara ta zagayo layi ya zama labari. Ɗakin da Asabe ta gina, kaji suka riƙa kwana a ciki har ruwa ya rushe shi. Tani ta bar makaranta a aji biyu. Yau tana gasa masara a bakin titi, kuma in na saya a wurinta ita ke gyara mini lissafin canji.

Nakan tambayi kaina me Rahila za ta ce da ta leƙo yau. Masaƙun da suka ciyar da rabin garin nan an rufe su, ciyawa ta cinye harabarsu. Inda garkenta yake, yanzu shagon cajin waya ne. Aladun da ake yayi farare ne, manya, a ɗakunan siminti, abincinsu na buhu, ba sa kwana biyu ba allura. Na tabbata za ta zagaya su ta taɓe baki, sannan ta tambayi farashi a ɓoye, don ba ta ƙin riba. Abin da ba za ta gane ba shi ne yadda ake taimakon mata yanzu. A tara su a babban ɗaki, a yi musu jawabi, a ba su lemo da takardar shaida, a ɗauki hoto, kowa ya watse. Ba wadda ta san wadda ke bayanta. Da Rahila ce, tambayarta ɗaya: wa ya je ya duba ko sun gina ɗaki?

Za ta kuma dubi ɗanta, wanda naman teburinta ya kai shi har jami'a, ta ga ya buga fuskarta a atamfa don mata su ɗaura su zauna a kai. Ba na zarginsa da rashin ƙauna. Yana son uwarsa, yana aji uku a jami'ar ta mutu, kuma abin da ya gani an yi ranar shi ya ɗauka girmamawa. Na ba shi labarin layi, na ce ko ɗaya daga cikin aladun nan biyu a musanya da 'yan aladu mata ƙanana a raba. Ya yi dariya ya ce, "Anti, wannan ai tsohon yayi ne. Wa zai tsaya bin mata yana duba bayan gidansu?" Ban saya ankon ba.

Abin da na yi, na sa aka nemo mini 'yar alade baƙa, irin ta gida, daga wajen Kafanchan, don a nan garin sun yi wuya. Na sa ta a kwando, na ɗauki mota zuwa Sabon Tasha, inda Asabe ke zaune yanzu a ɗaki ɗaya cikin gidan haya mai mutane da yawa. Ta tsufa, idonta ɗaya ya yi yana. Na ajiye kwandon a gabanta na ce, "Maman Tani, ga saƙon Yaya Rahila. Ya makara a hanya."

Ta leƙa cikin kwandon. Sannan ta sunkuya ta kamo 'yar aladen ta ƙafar baya, ta kifar da ita, ta bi nonuwan da yatsa tana duba ko sun jeru daidai, yadda Rahila ke yi sak. Ta ce, "Kin iya zaɓe." Ta mayar da ita cikin kwando. Ta ce, "Malama, yanzu kika kawo? Ina zan sa ta, ƙarƙashin gado? Wa zan kai makaranta da ita?" Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Na ji kunya, na ji haushin kaina da na Baba Dogara da na duk wanda ya ci shinkafar nan, na miƙa hannu zan ɗauki kwandona.

Ta dafe shi. Ta ce, "Ina za ki kai ta? Nawa ya wuce, amma ai akwai na bayana. Kande ce ke bi na. Kande ta rasu, amma matar ɗanta tana Rido, suna da fili, ga yara uku. Sai dai ba yau ba. Ki riƙe ta a wurinki, in aika mata ta gina ɗaki tukuna."

Shekara ashirin da biyar, matar da aka ciyar da ita rabonta a faranti tana riƙe da sunan wadda ke bayanta. Mu da muke jininta mun riƙe hoto, mun riƙe ranar rasuwa, mun riƙe waƙar da ta fi so a coci. Ban san ko abin zai ɗore ba. Mace ɗaya da 'yar alade ɗaya ba layi ba ne, kuma ni da Asabe ba mu da sauran ƙafar zagaya unguwa.

A makon jiya aka aiko cewa ɗaki ya tashi. Muka je Rido tare, Asabe ta girgiza ƙofar da hannunta, ta sa aka ƙara dutse a kan kwanon, sannan ta zayyana wa yarinyar dokoki ɗaya bayan ɗaya, har da na maigida da ƙishinsa. Yarinyar ta rungume kwandon, ta yi godiya, sannan ta tambaya a hankali, "Mama, ita Mama Rahilar nan da kuke ta faɗa, wace ce?"

Asabe ta ce, "Za ki san ta ranar da za ki ba da taki."